Wa Ya Sace Sanyin Gidan Sauƙi?

Da hantsin ranar Litinin Nana Hafsat ta some. 'Yar shekara bakwai ce mai ciwon sikila, kwananta uku ana yi mata ƙarin ruwa a Gidan Sauƙi da ke Samaru. Zafin watan Mayu ya cika ɗakin har zanen gado ya jiƙe sharkaf. Ta ce wa Sista Barakatu, nas ɗin gidan, ƙirjinta ya toshe, kafin a tallabo ta idanunta sun kakkafe. Motar wani maƙwabci ce ta kwashe ta zuwa babban asibiti.

Gidan Sauƙi ba na gwamnati ba ne. Mutanen unguwa ne suka gina shi, masallaci ya kawo bulo, coci ya kawo kwano, don yara masu sikila su samu wurin kwanciya idan ciwo ya motsa. Irin waɗannan yara sanyi na tayar musu da ciwo, zafi ma haka. Shi ya sa aka girka musu wani ƙaton esi a bayan ginin, akwati guda mai girman ƙaramar mota, a kan daɓen siminti, cikin kejin ƙarfe mai kwaɗo. Da hunturu ya huro ɗumi, da bazara ya huro sanyi, ta manyan bututu da suka bi ta cikin silin.

Da azahar mahaifin yarinyar, Malam Umar Farouk mai shagon atamfa, ya dawo daga asibiti idanunsa jajir. Likita ya gaya masa zafi ne ya ƙone ruwan jikin 'yarsa. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya karɓi guduma a wurin mai faci, ya zagaya bayan ginin, ya fasa kwaɗon kejin da duka uku.

"Ga shi yana ta ruri kamar na gaske!" ya ce. "Rurin me yake yi idan ba ya sanyi? A buɗe min shi!"

Wani mai gyaran janareta ya kwance murfin gefe. Jama'a suka leƙa. Fanka na juyawa abinta, amma a ƙasa, inda ya kamata a ga baƙin tulun ƙarfen da ake kira kwamfireso, babu komai sai ƙusoshi huɗu a tsaye da bakunan bututun jan ƙarfe a yanke.

Aka yi salati. Sai aka juyo ga Mista Bernard, manajan gidan, dattijo mai furfura da kowa ke ganin girmansa. Ya cire tabarau yana goge fuska.

"Mutum ɗaya ne ke taɓa injin nan," ya ce a hankali. "Ban so in faɗa ba, don ɗan ƙanwata ne. Mordecai."

"Shekaranjiya Asabar ya zo," in ji Eric maigadi. "Na ga fitarsa da buhu a bayan mashin. Abu mai nauyi."

Ana cikin haka Mordecai ya shigo da jakar kayan aikinsa, don Sista Barakatu ta kira shi tun da safe ya zo ya duba. Leƙawa ɗaya kawai ya samu ya yi cikin injin. Umar Farouk ne ya fara kai masa naushi a baki. Sauran suka rufa. Ba don 'yan sintirin unguwa sun janye shi sun kulle a ofishinsu ba, da wani labarin ake yi.

Mai unguwa ya ce ba za a miƙa kowa ga 'yan sanda ba sai Baba Jafaru ya duba. Ya ba shi zuwa la'asar ɗin Laraba.

*

Baba Jafaru tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Shekara talatin ya yi yana bin sawun masu satar itace da ɓarayin shanu, har sunan Mai-sawu ya bi shi. Siriri ne, ba ya son hayaniya, kuma idan yana tafiya ƙasa yake kallo.

Ya tarar da Mordecai zaune a kan benci, leɓe a kumbure, haƙorin gaba ɗaya babu.

"Sannu, yaro."

"Kada ka yi min sannu, Baba. Tambayarka za ka yi, ka yi."

"To. Ni shanu na sani da mutane, ban san inji ba. Mene ne aka sace?"

"Kwamfireso. Shi ke tura gas, shi ke kawo sanyin, shi ke kawo ɗumin. Idan babu shi, fanka ce kawai za ta riƙa kwaso iskar ɗaki tana maido musu da ita." Ya tofar da jini a gefe. "Shekara huɗu, Baba! Duk Asabar ɗin farkon wata ina wurin nan. In cire filta in wanke, in wanke haƙarƙarin injin ciki da waje, in ɗaure bel ɗin fanka, in auna gas, in duba wayoyi. Ranar da aka haifi 'yata ma sai da na zo na yi sabis na koma. Yau ni ne ɓarawon yara marasa lafiya?"

"Ranar Asabar me ka yi?"

"Ba abin da na yi. Babu wuta tun daren Juma'a, inji a kashe. Na nemi makullin keji, aka ce ba a gan shi ba. Na kira Kawu Bernard sau huɗu bai ɗauka ba. Na zauna a baya kamar rabin awa, na gaji na tafi."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Buhun fa?"

"Da shi na zo. Kwamfireson firizar Madam Tochi ne, mai kifi a kasuwar Sabon Gari. Eric bai ga shigowata ba, don ba ya bakin ƙofa. Baba, wancan da aka sace ya fi buhun siminti nauyi. Sai an zubar da gas, a yanke bututu, a kwance shi, ƙarti biyu su ɗaga. Amma wa ya tsaya ya ji?"

Jafaru ya miƙe. "Ni na tsaya."

*

A Gidan Sauƙi ya samu Sista Barakatu tana yi wa yara biyun da suka rage fifita da kwali. Ranta a ɓace yake.

"Baba, ka bar ni kawai. Ya fi sati ina cewa iskar nan ba sanyi. Na gaya wa Oga Bernard, ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, kuma an gaya wa Mordecai ya ce sai ranar sabis. Sai ranar sabis! Kamar ciwo na jiran ranar sabis. Ya ƙi zuwa gyara, da ya zo kuma sai ya kwashe gaba ɗaya."

"Ke kin yi magana da shi da bakinki?"

"Sai yau da safe. Da ma ba aikina ba ne kiransa."

Mista Bernard ya karɓe shi a ofis da ruwan sanyi. Ya nuna masa ƙusar da ake rataye makullin a bango.

"Nan yake zama, Malam Jafaru. Mordecai ya sani, Eric ya sani. Ranar Asabar ina wajen jana'iza, wayata na aljihu ban ji ba."

"Da Sista ta yi ƙorafi, kai ka kira yaron?"

"Eric na sa ya kira shi. Ko ya kira ko bai kira ba, Allah masani." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni na kawo yaron nan daga gida, ni na sa shi koyon sana'a. Da wane ido zan kalli uwarsa?"

Eric kuwa da ya ga Jafaru ya nufo shi sai ya hau share ƙofar da ba ta da datti. Ya ce bai tuna an sa shi kiran kowa ba. Da aka tambaye shi inda yake lokacin da Mordecai ya shigo, ya ce bayan gida. Mai shayin da ke tsallaken titi ya yi dariya da Jafaru ya maimaita masa.

"Bayan gida? Acaɓa yake fita da mashin ɗin ƙanensa. Rabin yini ƙofar nan Allah ke gadinta."

Kafin magariba maganar ta zaga unguwa, aka koma cewa ai da haɗin bakin maigadi. Wasu samari suka fara taruwa a bakin ƙofa. Sai da Jafaru ya fito ya nuna su da sandarsa.

"Ɗazu ɗaya kuka daka, yanzu kuna neman na biyu? Duk wanda ya taɓa shi, sawunsa zan bi har ɗakin uwarsa."

*

Ranar Talata da sassafe ya hau mota zuwa Sabon Gari. Madam Tochi na tsaye a kan firizarta tana sara kifi. Da ta ji abin da ya kawo shi, sai ta dire adda.

"Mordecai? Ɓarawo? Wane mara kunya ne ya faɗa?" Hausarta tas, don a nan aka haife ta. Ta ja shi bayan firiza ta nuna masa wani ɗan baƙin ƙarfe mai girman kwakwa. "Ga abin da ke cikin buhun. Ranar Asabar da azahar ya ɗaura min. Yaron da na bar masa shago da aljihun tebur a buɗe na tafi coci? Mutanen Samaru ba su da hankali ne?"

Daga nan ya bi layin 'yan gwangwan, rumfa rumfa, yana leƙa tarin ƙarafa. Ya ɓata rabin yini bai ga komai ba. Wani dattijo mai sikeli ne ya ce masa:

"Malam, kana wahalar da ƙafarka. Wanda ke son jan ƙarfe ba ya tsayawa kwance ƙusa, sara yake yi ya gudu. Idan an cire shi lafiya lau, to aiki za a sa shi a wani wuri."

Jafaru ya dawo Samaru da wannan magana a ransa. Buhu ya wanke Mordecai a wurinsa, amma ya san ba zai wanke shi a wurin Umar Farouk ba. Za a ce ya dawo daga baya da abokin sata. Ya sake shiga ofishin 'yan sintiri.

"Ka ce ba wanda ya kira ka kafin Litinin?"

"Ga wayata, a duba."

"Na yarda. Gaya min wani abu. Saniya idan ta wuce takan bar kashi da sawu. Injin nan idan yana aiki, me yake bari?"

"Ruwa. Iskar ɗaki mai gumi idan ta taɓa ƙarfe mai sanyi sai ta yi raɓa. Raɓar ta taru a tire, ta bi wani farin bututun roba ta fita ta jikin katanga. A irin wannan wata, bokiti biyu yake zubarwa a yini."

"Ko wuta ba ta da ƙarfi?"

"Muddin kwamfireso ya tashi ko na awa ɗaya ne, sai ya ɗiga. Shi ya sa duk sabis nake busa bututun, kada ya toshe ruwa ya koma ciki."

Jafaru bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauki sandarsa.

Gaban kejin ƙafafun jama'a sun tattake komai tun ranar Litinin. Amma bayansa, ɗan lungun da ke tsakanin inji da katanga, ba wanda ya shiga. Ya rage tsawo ya kutsa. Ga farin bututun ya leƙo, taƙi ɗaya sama da ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai ɗan kwarin da ɗigar ruwa ta haƙa, kewaye da ciyawa. Ciyawar ta bushe ta yi fari, ƙasar ta tsattsage. Ya murza ganye ɗaya ya zama gari a yatsunsa.

Sai ya kwanta rubda ciki ya leƙa bakin bututun. A toshe yake da busasshen laka, an shafe shi sumul kamar aikin magini.

Ya daɗe a kwance yana kallo. Sannan ya ciro wuƙarsa ya yanke bakin bututun a hankali, ya naɗe a hankici ya sa a aljihu.

Eric na zaune a ɗakin gadi ya haɗa kai da gwiwa. Jafaru ya ja ƙofa ya rufe.

"Ka manta da Asabar. Koma baya, sati biyu. Wace rana gidan nan ya zama babu yaro ko ɗaya a kwance, babu Sista?"

Eric ya ƙirga da yatsu. "Lahadi. Ba wadda ta wuce ba, ba ta bayanta ba, ta can."

"Kana bakin ƙofa?"

Eric ya kalli ƙofa.

"Eric, samarin da ke waje ba su tafi ba. Ni kaɗai ne tsakaninka da su."

"Oga Bernard ne ya aike ni Basawa da takarda," in ji Eric. "Ya ce in huta daga can, shi zai zauna. Da na dawo da yamma na ga an share baya an yayyafa ruwa. Ya ce kada in gaya wa kowa na bar ƙofa, kwamitin gidan zai kore ni. Baba, wallahi ban san komai ba. Kowa Asabar yake tambayata."

*

Safiyar Laraba Jafaru na unguwar PZ, a layin masu sayar da kayan esi da firiji. Shago na uku ya dace. Mai shagon, Chiedozie, ya ce babban tulun gas irin na manyan injuna ba kullum ake saye ba. A 'yan makonnin nan gaba ɗaya mutum ɗaya ne ya saya, wani makaniken esi mai suna Jide, don wani ɗakin taron biki da ke unguwar Jama'a.

"Na waye ɗakin taron?"

"Wani dattijo ne daga Samaru, shi da abokinsa. Mai tabarau."

Chiedozie ne ya kira Jide a waya, suka haɗu a can. Da Jafaru ya sa ƙafa a ɗakin taron sai da tsigar jikinsa ta tashi don sanyi. Ana ta jera kujeru da furannin roba. A baya ga inji irin na Gidan Sauƙi sak, ruwa na tsiyaya daga bututunsa har ya yi ɗan tafki.

Jide ƙato ne mai fara'a, amma fara'ar ta ɗauke da ya ji labarin.

"Yarinya ta some? Baba, cewa ya yi na nan ya ƙone ana saura kwana shida bikin wani babban mutum. Ya ce kwamitin asibitin ya amince a ɗauko nasu, sabo na kan hanya daga Legas, kuma an kwashe yaran zuwa wani wuri. Shi ya ce in bar fanka a haɗe, wai don iska ta riƙa zagayawa." Ya buga ƙafa a ƙasa. "Ni ya mai da ɓarawo! Ina da 'ya'ya huɗu!"

Ya kwance murfin. A jikin baƙin tulun an jera kwanakin wata da farin fenti, layi bisa layi, na shekara huɗu. Na ƙarshe shi ne Asabar ɗin farkon Afrilu. Ƙarƙashin kowane akwai harafin M.

*

Da la'asar aka taru a barandar Gidan Sauƙi. Mai unguwa na kan kujera, Mista Bernard a damansa. Eric ya raɓe a jikin ginshiƙi. Sista Barakatu na bakin ƙofa, iyaye mata sun cika tsakar gida. 'Yan sintiri suka kawo Mordecai. Umar Farouk ya zo daga asibiti kai tsaye, kwana biyu bai canza riga ba, ko zama ya ƙi yi.

"Ni ban ga amfanin wannan zama ba," ya ce. "Ga ɓarawo, ga shaida. 'Yata na can da robar iska a hanci."

"Yaya jikin nata?" in ji Jafaru.

"Ta buɗe ido jiya. Ba wannan ya tara mu ba."

"Alhamdu lillahi. To, ka ba ni minti biyar, baban Nana."

Jafaru ya shimfiɗa hankicinsa a kan tebur. Ya ɗaga guntun bututun kowa ya gani.

"Ta nan ruwan injin ke fita. Muddin yana sanyi, ko na awa ɗaya ne a yini, sai ruwa ya bi ta nan. Haka ne, Mordecai?"

"Haka ne."

"Wa ya san abin da ya toshe shi?"

Wata tsohuwa ta matso ta duba. "Ai gidan zanzaro ne."

"Gidan zanzaro ne, Iya. Kin taɓa ganin zanzaro ya yi gini a inda ruwa ke bi?"

"Ina! Ai sai busasshen wuri."

Ya sa bakin wuƙa ya ɓare lakan a hankali. Wani ɗan abu mai ruwan ƙasa, kamar ƙwayar dabino, ya gangaro kan hankicin, tare da busassun ƙafafun gizo-gizo.

"Uwar kan yi gini, ta cika shi da gizo-gizo, ta sa ƙwai ta toshe. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta cinye guzurinta tas, sannan ta naɗe kanta haka. Na ga wannan a daji sau ba adadi. Ba a yin sa a kwana biyu, ba a yin sa a biyar. Sai wajen sati biyu. Ke nan ranar Asabar da yaron nan ya zo, babu abin da zai sata. An riga an kwashe tun tuni."

Tsakar gidan ta ɗauki guna-guni. Sista Barakatu ta dafe ƙirji.

"Sati biyu nake yi wa yara ƙarin ruwa a cikin tanda?"

"Wannan ai ƙwaro ne," in ji Mista Bernard, yana murmushin yaƙe. "Malam Jafaru, da ƙwaro za a yanke hukunci? Ko da sati biyun ne, wa ya ce ba shi ya zo a ɓoye ba? Maigadin nan kowa ya san ba ya zama."

"Gaskiya ne ba ya zama. Eric, ranar Lahadin can wa ya zauna maka?"

Eric ya faɗa, kansa a ƙasa, bai rage komai ba.

"Ƙarya yake yi!" Bernard ya miƙe. "Mashayi ne, neman wanda zai rataya wa yake yi!"

Jafaru ya ɗaga sanda ya yi wa wani alama a bakin ƙofa. Keke napep ya shigo har tsakar gida. Jide da direban suka sauke baƙin tulun da nishi, suka dire shi a gaban mai unguwa, farin rubutun na kallon jama'a.

"Oga," in ji Jide, yana huci, "ga kayan da ka ce kwamiti ya ba ka. Na cire da hannuna kamar yadda na ɗaura. Bikin ranar Asabar ka yi musu fifita."

Bernard ya koma ya zauna. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Aro na yi," ya ce daga ƙarshe. "Aro ne, Allah ya sani. Biki ɗaya na yi niyya, in maido ranar Litinin. Sai wani ya biyo, sai wani. Na ce yaran ai fanka na kaɗa musu, damina ma ta kusa..."

"Ni ka ce wa wuta ce!" Sista Barakatu ta yi kansa, sai da mata suka riƙe ta. "Sau uku ina zuwa ofishinka! Kana zaune kana kallona!"

Mordecai bai ɗaga murya ba. Ya tako har gaban kawunsa ya tsaya.

"Kawu, satar ban damu da ita ba kamar wannan. Kana tsaye a nan. Ka ambaci sunana da bakinka, ka koma gefe ka harɗe hannu ana tattaka ni. Da sun kashe ni fa? Kai za ka kai gawata gida ka yi wa Mama wa'azi?"



Umar Farouk ya riga ya sunkuya ya ɗauki guntun bulo, ya nufi Bernard. Jafaru ya sa sanda ya tare masa ƙirji.

"Matsa, Baba! Wannan karon na tabbata!"

"Ranar Litinin ma ka tabbata."

Hannun ya tsaya a sama. A hankali bulon ya sulluɓe ya faɗi. Mai unguwa ya sa 'yan sintiri suka kewaye Bernard, aka fita da shi ta ƙofar baya zuwa ofishin 'yan sanda, mata na binsa da Allah ya isa.

*

Mordecai bai tafi gida ba. Ya aika aka ɗauko masa jakarsa da tulun gas. Shi da Jide suka mayar da kwamfireson mazauninsa, suka yi waldar bututu, suka zuƙe iskar da ta shiga, suka cika gas. Ya ciro filta, ya ga ta yi baƙi ƙirin, ya yi tsaki ya wanke. Ana kiran magariba Sista Barakatu ta leƙo ta taga, hawaye a fuskarta, ta ce yaran sun nemi a rufa musu zane.

Yana wanke hannu a famfo Umar Farouk ya zo ya tsaya a bayansa, hula a hannu.

"Malam Mordecai."

Bai juyo ba.

"Na zalunce ka. Ba ni da bakin magana. Haƙorin nan, duk asibitin da ka zaɓa..."

"Riƙe asibitinka." Mordecai ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "'Yarka na kwance, na sani, ni ma uba ne. Don ita na taɓa injin nan yau, ba don ku ba. Amma ni ma ina da 'ya. Diana, aji uku take. Tun jiya ta ƙi zuwa makaranta, don yara sun kewaye ta suna waƙar 'yar ɓarawo, har da jifa. Ta tambayi uwarta ko gaskiya ne. Haƙurin da za ka ba ni a nan bayan famfo, ita ba za ta ji shi ba."

Umar Farouk ya murza hularsa.

"Wace makaranta?"

Washegari ƙarfe bakwai da rabi, Baba Jafaru na tsaye a bakin shingen makarantar, ya jingina da sandarsa. Yara sun yi layi a fili. Hedimasta ya matsa gefe, wani mutum mai farar riga ya hau kan dakali. Bai iya jawabi ba, amma har layin baya an ji shi.

"Sunana Umar Farouk. Ni ne na ce baban Diana ɓarawo ne. Ni na fara dukansa. Ƙarya na yi, ban bincika ba. Babanta ba ɓarawo ba ne, shi ya gyara injin da yara marasa lafiya ke kwana a ƙarƙashinsa. Duk wanda ke son yin waƙa, ya yi da sunana."

Wata 'yar siririya mai kitso biyu ta fito daga bayan uwarta a bakin ƙofa. Ta gyara jakarta, ta ratsa ta gaban dakalin ba ta ko kalli mutumin ba, ta je ta tsaya a layin 'yan aji uku, a sahun gaba.